Kaskon Garwashi Ba Kwalbar Asibiti Ba Ce

Duk shekara da zarar hunturu ya kama, labarin iri ɗaya ne. An haifi bakwaini, ya yi makonni a kwalba, ma'aikatan jinya sun yi ta fama da shi dare da rana har Allah Ya sa ya fara kama nono, aka sallame shi. Ya iso gida, sai dangi su taru su ce to yanzu aiki ya dawo hannunmu. A rufe taga, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a cika kasko da garwashi a tura kusa da gado, a barbaɗa turaren wuta, a naɗe yaro da zannuwa har sai an nemi fuskarsa an rasa. Bayan 'yan kwanaki a koma asibiti da shi yana numfashi sama-sama, ana cewa ai dama bakwaini ba shi da tabbas. Wannan magana ce ta ishe ni.

Bakwaini dai shi ne jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irinsu kimanin miliyan 13.4, wato kusan ɗaya cikin kowane jarirai goma, kuma Najeriya na cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu. Tagwaye, hawan jinin masu ciki, zazzaɓin cizon sauro, haihuwa kusa da kusa, duk suna iya jawo shi, wani lokacin ma babu wani dalili da za a kama.

Iyayenmu mata suna da gaskiya a abu guda: sanyi yana kashe bakwaini. Fatarsa siririya ce, ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi, kuma jikinsa bai iya daidaita zafi da kansa ba tukuna. Ɗakin da babba zai zauna da shimi yana fifita, shi zai iya sandarewa a ciki. Inda aka kuskure shi ne maganin. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Hayaƙin da ido ke gani yakan ɗauke idan garwashi ya yi ja, sai a ce wuta ta kama babu sauran matsala, alhali gubar tana nan tana fita. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita, kuma ta fi waccan iskar manne wa jini fiye da sau 200. Jariri yana numfashi sau 40 zuwa 60 a minti ɗaya, wajen ninki uku na babba, don haka kafin uwa ta fara jin ciwon kai shi ya riga ya sha rabonsa. Abin takaicin shi ne alamarta barci ce. Yaro ya yi lamo, ba kuka, ba motsi, sai kaka ta ce, "Kun gani ko? Ya ji daɗin ɗumi."

Ga kuma turaren wuta da maganin sauro na kunnawa. Huhun da aka yi makonni ana tallafa masa da iskar asibiti, shi za a cika da hayaƙi don ɗakin mai jego ya yi ƙamshi? Ƙamshin na wa? Kwalbar asibiti da ake ƙoƙarin kwaikwayo tana da na'urar auna zafi, ana duba ta ba dare ba rana. Kasko kuwa da farkon dare ya gasa yaro har ya bushe, kafin asuba ya mutu ya bar shi cikin raɓa. Masu cika gora da ruwan zafi su jingina a jikinsa su ma su daina. Fatar bakwaini tana ƙonewa da zafin da hannun babba zai ce ɗumi ne kawai.

Na san amsar da za a ba ni: "Mu da muka haife ku, da garwashin nan muka raine ku." Haka ne, Allah Ya saka da alheri. Amma a tambayi tsofaffin nan bakwaini nawa suka raina, nawa kuma suka binne. Da yawa daga cikin bakwainin da ake sallamowa daga asibiti yau, a wancan zamanin ba sa kaiwa ranar suna.

Abin da ya fi kasko yana nan a gidan, kuma ba a sayensa: ƙirjin uwa. A shekarar 1978 a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, wani likita mai suna Edgar Rey Sanabria ya ga jarirai sun yi wa kwalaben asibitinsa yawa, sai ya fara ɗaura su a ƙirjin iyayensu, fata da fata. Ana kiran tsarin renon kangaru. Wani babban bincike da aka wallafa a 2021, wanda aka gudanar a Ghana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Najeriya (a asibitin koyarwa na Ile-Ife), ya nuna cewa fara wannan goyo nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin 100. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yinsa awa 8 zuwa 24 a rana.

Yadda ake yi: a bar yaro da ƙunzugu, hula da safa kawai. A ɗora shi a tsaye tsakanin nonuwa, ƙirjinsa a manne da na uwa, kansa a juye gefe guda, haɓarsa a ɗan ɗage don hanyar numfashi ta buɗe, ƙafafunsa a tanƙwashe kamar na kwaɗo. A ɗaure da zani, bakin zanin ya tsaya daidai ƙasan kunnensa, sannan uwa ta sa riga mai faɗi a kai. Idan za ta yi barci ta jingina da matasai, kada ta kwanta shame-shame. Idan za ta shiga wankan jego ko banɗaki, wani ya karɓa. Kaka tana iya yi, gwaggo tana iya yi, uba ma yana iya yi, kuma ya kamata ya yi. Malam mai gida, buɗe rigarka ka rungume ɗanka ba zai rage maka komai ba. Haka ita ma mai haihuwar fari, a ajiye kunyar ɗan fari a gefe tukuna. Yaron da bai kai kilo 2 ba bai san alkunya ba. Ana ci gaba da wannan goyo har ya kai kamar kilo 2.5, ko ya fara zillo yana nuna ya gaji. Goyon baya sai daga baya. Duk lokacin da aka ajiye shi a gado, a kwantar da shi rigingine, babu matashi, a cikin gidan sauro.

Sai ciyarwa. Bakwaini ba ya tashi ya nemi nono kamar sauran jarirai, yana iya yin barci da yunwa har sukarin jininsa ya faɗi. A tashe shi duk bayan awa 2 zuwa 3, har cikin dare. Idan ya gaji da tsotso, a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi mai tsabta kamar yadda aka koya a asibiti. Ban da ruwa, ban da jiƙo, ban da madarar shanu, ban da zuma, domin zuma tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin yaron da bai shekara ba. Mai son yi masa addu'a ya yi masa, amma abin sha ba ya shiga bakinsa sai nono da maganin ƙarin jini da likita ya rubuta. Idan yana jiƙa ƙunzugu sau shida a yini, alama ce yana samun abin da ya ishe shi.

'Yan barka kuma, don Allah a yi haƙuri. Mura da babba zai yi kwana uku ya ware, ita ce za ta mayar da bakwaini asibiti. Mai tari ya gaishe da mai jego ta waya. Wanda zai taɓa yaro ya wanke hannu da sabulu, kuma ba dole ba ne kowa ya ɗauka, balle a riƙa sumbatarsa. Taron sunan da aka ɗage saboda yana asibiti, a ƙara ɗage shi. Wanzami ma ya jira: cire beli ba shi da amfani ga kowane jariri, ga wannan kuwa jini kaɗan ya zubar ya shiga haɗari. Wanka a taƙaita, a yi shi da rana cikin ɗaki da ruwa mai ɗumi, ban da murɗe gaɓoɓi da cilla shi sama. A cire kafur daga cikin kayansa.

A nemi ma'aunin zafin jiki a ajiye a gida, daidai shi ne 36.5 zuwa 37.5. Idan ya ƙi nono, ko numfashi ya wuce 60 a minti, ko haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko numfashin yana ɗaukewa, ko leɓɓansa sun canza launi, ko ya yi jijjiga, ko tafin hannu da ƙafa sun yi ɗorawa, a tafi asibiti a wannan lokacin, ko tsakar dare ne, kuma a tafi da shi ɗaure a ƙirji.

Game da girmansa, a daina gwada shi da ɗan maƙwabta. Wanda aka haifa a mako 32 ya riga lokacinsa da wata biyu, don haka idan ya kai wata shida, abin da ɗan wata huɗu ke yi za a nema a wurinsa, kuma haka ake lissafi har ya shekara biyu. Rigakafi kuwa da ainihin ranar haihuwarsa ake bi, ba a jira ya yi ƙiba. Idan a takardar sallama an rubuta ranar duba ido, kada a bari ta wuce, ko da idon ya yi kama da lafiyayye. Jijiyoyin bayan idon bakwaini suna iya tsirowa a karkace, musamman wanda aka daɗe ana ba shi iska, kuma kwanakin da ake iya ceto ganinsa ba su da yawa.