Ko Kun Sani? A Kaduna Aka Buɗe Bankin Al'umma na Farko a Najeriya

Bankin al'umma na farko a Najeriya ba a Legas, cibiyar hada-hadar kuɗin ƙasar, aka buɗe shi ba, a unguwar Tudun Wada ta Kaduna ne, inda bankin Alheri ya fara aiki a watan Disambar 1990, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. A wancan lokacin, bankin al'umma shi ne wanda mutanen gari ko unguwa suke haɗa jarinsa, su mallake shi, kuma ba a yarda ya buɗe rassa a wasu garuruwa ba. Yana karɓar ajiya, yana ba manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu ƙananan rance, kuma sau da yawa shaidar da jama'a suka yi wa mutum kan riƙon amana takan tsaya a madadin jingina, abin da manyan bankuna ba sa lamunta, shi ya sa talaka ya daɗe yana nesa da su. Bayan manufar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2005, an umarci irin waɗannan bankuna su ƙara jari, su koma ƙananan bankunan ba da rance.