BARGON ƘYALLAYE DA KOYA WA YARA TUNANI BISA TSARI

'Yan'uwa manoma, yawancinmu mun ji ana cewa yaron da bai san kwamfuta ba zai sha wuya nan gaba. To, ina za mu sami kwamfuta a ƙauye? Ko wutar lantarki ma, duk da dam ɗin Kainji yana kusa da mu tun 1968, ba kowane gari ne na bakin tafki ta kai ba. Amma kada wannan ya karya mana zuciya. Abin da ake fara bukata shi ne irin tunanin da ake sarrafa na'urar da shi, watau a iya raba aiki mataki-mataki, a gane abin da yake maimaita kansa, a kuma ba da umarni wanda ba shi da ruɗani. Ana iya koyon wannan da tsumma da allura.

Ga yadda za a yi. A roƙi teloli a kasuwar Wara ko Yelwa su tara mana ƙyallayen da suke zubarwa. A zaɓi launi biyu, a ce ja da fari, a yanka su murabba'i, inci 4 kowane gefe. Sai yaro ya jera 6 a kan tabarma: ja, fari, fari, ja, fari, fari. A layi na biyu ya matsar da jan gaba da wuri ɗaya. Haka kuma a layi na uku. Sa'ad da ya zo layi na huɗu, a tambaye shi abin da ya gani. Zai tarar ya koma daidai da layin farko. Ashe bargo mai ƙyalle 36, ja 12 da fari 24, ba ya bukatar dogon bayani. Layi uku ne kawai, a maimaita sau biyu.

Wurin da amfanin yake shi ne nan gaba. Yaron ya rubuta umarninsa a takarda, J a madadin ja, F a madadin fari, ya ba ɗan'uwansa wanda bai ga zanen ba. Shi kuwa wannan tilas ne ya bi abin da aka rubuta kaɗai, ba tambaya, ba cikawa da ka. Sau da yawa zanen yakan fito a karkace, gardama ta tashi. Iyaye, kada ku yi saurin gyara musu! Ku bar su su bi layi-layi har su gano inda kuskuren ya shiga. Masu rubuta wa kwamfuta umarni, babban rabon lokacinsu a kan irin wannan nema yake ƙarewa, domin na'ura ba ta yin abin da kake nufi, sai abin da ka faɗa.

Ba sabon abu ba ne a haɗa zane da na'ura. Wajen 1804 wani mutumin Liyon ta ƙasar Faransa, Jacquard, ya shirya masaƙa mai aiki da katuttuka masu huji. Inda akwai huji zare ya ɗaga, inda babu ya tsaya. Daga baya Charles Babbage na Ingila ya ɗauki dabarar katin domin injin lissafinsa, kuma an yi ta ba kwamfutoci umarni da kati mai huji har cikin shekarun 1970. Ni a ganina, tsohuwar da take saƙa faifai tana ƙirga kaba a zuci, wannan ilimi ne take da shi, rubutawa ce kawai ba ta yi.

In yara sun saba, a kai su gona. Su rubuta tsarin shuka, dawa kunya ɗaya, wake kunya biyu, su lissafta kunya nawa kowanne zai ci cikin 30.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da rani, bayan an gama girbi. Maza da mata duka su shiga, 'yan shekara 7 zuwa sama. Ƙanana su jera, manya su ɗinka, kuma a jinkirta ɗinkin sai an tabbata jerin ya yi daidai da takarda.