Amsoshin Takardunku: Ta Ƙaƙa Aka San Rawar Fadar Faransa Ta Shekaru 300 Da Suka Wuce?

TAMBAYA: Fatawarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. Ya ce ya ga wasu Turawa a talabijin sanye da tufafin mutanen da suna rawa, aka ce wai irin ta fadar Sarki Luwi na 14 ce. Shi ne yake tambaya, tun da babu na'urar ɗaukar hoto a wancan zamani, ta ƙaƙa suka san haka ake taka ta? Ko ƙirƙira suka yi suka jingina wa magabata?

AMSA: To malam, madalla da wannan tambaya. Rubuta rawar aka yi a takarda, kamar yadda Turawa ke rubuta kiɗa. Sai dai fa takardar ba ta faɗi komai da komai ba.

Wannan rawa, wadda ake kira ta zamanin Barok, ta bunƙasa ne a fadar Luwi na 14, wanda ya sarauci Faransa daga 1643 zuwa 1715. Shi kansa gwanin rawa ne, domin a 1653, yana ɗan shekara 14, ya fito a wani wasa a matsayin Rana. A 1661 kuma ya kafa majalisar malaman rawa mai mutum 13.

Kada ka ɗauka shagali ne kawai. A babban bikin fada, namiji ɗaya da mace ɗaya ne ke fitowa fili, bisa jerin girma da muƙami, sauran jama'a duk sun zuba musu ido. Wanda ya kuskure taki a gaban sarki ya shiga uku. Marubucin nan Saint-Simon ya ba da labarin wani saurayi ɗan babban gida da ya fito rawa a 1692 ya rikice, fada ta kwashe da dariya har da sarki. Da ya sake gwadawa a biki na gaba abin ya fi muni, sai ya ɓace daga fada tsawon lokaci. Ka ga ke nan dalilin da ya sa littafin rawa ya samu kasuwa: kowa na son ya haddace sababbin raye-raye kafin ranar biki.

A 1700 wani malamin rawa mai suna Feuillet ya buga littafin da ya bayyana wannan rubutu a birnin Paris. Malamin rawar sarki, Beauchamp, ya kai ƙara a 1704 cewa dabararsa ce aka ɗauka, shi ya sa a yau ake haɗa sunayensu biyu. A 1706 aka fassara littafin a Ingila.

Ga yadda shafin yake. A can sama an rubuta kiɗan. A ƙasa an ja layi mai nuna hanyar da mai rawa zai bi a daɓen zaure, ko miƙaƙƙiya ko mai zagaye, an kuma yanka layin da 'yan gajerun alamu don a san inda kowane yanki na kiɗa ya ƙare. Dama da hagun layin an zana takin ƙafar dama da na hagu, kowane da 'yan ƙananan alamu: nan ka lanƙwasa gwiwa, nan ka ɗaga dunduniya, nan tsalle, nan juyi. Saman shafin shi ne gaban zaure inda sarki yake, saboda haka mai koyo ko ya juya ba zai juya littafin ba. Raye-raye sama da 300 ne suka iso gare mu ta wannan hanya, na zauren biki da na dandalin wasa.

To ina gizo ke saƙar? Hannuwa. Galibin shafukan nan ba su nuna abin da hannu ke yi ba, don a lokacin duk ɗan makarantar rawa ya sani. Sai masu bincike suka koma ga littafin Pierre Rameau na 1725 da na Kellom Tomlinson na 1735, waɗanda suka yi bayani da kalmomi da zane: yadda za a juya wuyan hannu, yadda za a cire hula a rusuna, da yadda rawar minuwe ke bin siffar harafin Z a ƙasa. Saurin kiɗan ma abin gardama ne. Wasu makaɗan lokacin sun auna shi da ƙarfe mai lilo a jikin zare, amma har gobe masana na saɓani kan lissafin. Hatta tufafi sukan zama shaida, domin takalmi mai tsinin dunduniya da riga mai ɗaure ƙirji sukan hana mutum wani motsin da zai yi cikin sauƙi da kayan yau. A ganina wannan ita ce shaidar da ta fi wuyar musantawa.

Bayan an yi watsi da rawar fiye da shekara 100, a ƙarni na 20 aka farfaɗo da ita. Wendy Hilton, 'yar Ingila da ta koyar a Amurka, ta fitar da littafinta a 1981, Francine Lancelot kuma ta kafa ƙungiyarta a Faransa a 1980.

Game da zarginka na ƙirƙira kuwa, malam, ba ka faɗi ƙasa ba gaba ɗaya. Yawancin abin da aka rubuta rawar mutum ɗaya ce ko biyu, ta taron 'yan wasa kaɗan ce ƙwarai. Da aka sake nuna wasan Atys na makaɗi Lully a Paris a 1987, cikar shekara 300 da rasuwarsa, rawar asali ta 1676 ba ta nan a rubuce, sai Lancelot ta tsara sabuwa da takun wancan zamani. Don haka in ka sake ganin irin wannan shiri, saurara ka ji ko za su ambaci littafi da shekarar da suka ɗauko rawar.

Da fatan mai sauraron namu ya gamsu.