Sana'ar Dafa Leda da Yashi

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Tawa zuwa Affala da rani ya san yadda baƙar leda ke maƙalewa a ƙaya, tun daga bakin gari har cikin gonaki. Mahauta kuwa a cikin tumbi suke ganinta: a yanka akuyar da ta rame ba a san dalili ba, a tarar da dunƙulen leda ya toshe mata ciki. Nijar ta kafa doka tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 wadda ta hana sarrafa irin wannan leda mai laushi da shigo da ita da sayar da ita, amma har gobe a cikinta ake ƙulla sukari da ƙosai.

Daga wannan shara wata sana'a ta fito. A Yamai, kamfanin GVD Afrique ya yi suna wajen narka leda a cuɗa ta da yashi a buga pabe, wato bulon shimfiɗa da ake wa lungu da tsakar gida. Ba siminti a ciki, ba kuma ruwa. Mutumin Adar, wato yankin Tawa, ba ya buƙatar a yi masa bayanin darajar wannan. Ko da yake a Malbaza ake yin siminti, buhunsa ba ya araha, kuma a arewacin Adar ruwan da za a kwaɓa bulo a yi ta yayyafa masa har ya kama, da guga ake jawo shi daga rijiya mai zurfi.

Aikin yana farawa ne tun kafin a hura wuta. Mata da samari su tsinto leda, a karkaɗe mata ƙasa, a shanya, sannan a zauna tsinta. A nan gwanintar take, kuma a ganina masu tsinta su ne ainihin masu sana'ar, ko da yake su ne ake biya kaɗan. Ledar cefane da ledar ruwan sha dangi ɗaya ne, suna miƙewa kafin su yage, suna narkewa da zafi kaɗan sama da digiri 100. Gorar lemo sai ta kai wajen digiri 250, saboda haka in an haɗa su, kafin ta narke ledar ta ƙone. Mafi haɗari shi ne PVC, wanda ake bututun ruwa da wasu takalma da shi: in ya sha wuta yana fitar da hayaƙi mai cin huhu, har da guba mai daɗewa a jiki. Gwajin ba shi da wuya. A gutsuri roba a jefa cikin bokitin ruwa. Dangin leda yana tasowa, PVC da robar gora suna nutsewa.

Sai a ɗora rabin gangar ƙarfe a murhu. Ana zuba ledar kaɗan-kaɗan har ta zama baƙin kunu mai danƙo, sannan a kawo yashi tankaɗaɗɗe, busasshe ƙarau, domin in da danshi a cikinsa zai yi tartsatsi ya bar ramuka a cikin bulon. Galibi yashin yakan ninka ledar kamar sau uku a nauyi. Mutum biyu su kama dogon ƙarfe su yi ta juyawa kamar tuƙin tuwon biki, har kowace ƙwayar yashi ta sha baƙi. Idon maigida yana kan bakin gangar. Muddin harshen wuta ya kama cikinta, to ledar ci take yi, kuma bulon da zai fito daga wannan dahuwa zai yi gautsi. In ta yi daidai, a kwasa da shebur a zuba a mazubin ƙarfe da aka shafa wa mai, a danne da ƙarfi, a bari ya huce. Ran nan ma ana iya taka shi.

Abin da ya fi burge ni a wannan haɗi shi ne yana komawa wuta. Masana'antun Turai da Amurka suna fama da kayan da aka haɗa roba da zaren gilashi, irin fukafukan injin wutar iska da jikin kwalekwale, domin robarsu in ta daskare ba ta sake narkewa, sai dai a niƙe ko a binne. Ko a shagon unguwa akwai ɗan'uwan wannan matsala: ledar madara da ta biskit, da aka manne roba da alminiyon har ba mai iya raba su. Pabe kuwa in ya fashe, a farfasa shi a mayar ganga ya fito sabo. Sharaɗin kawai ban da yashin, kada a cusa masa abin da ba ya narkewa tare da ledar, don neman ƙarin nauyi.

Amma ba zan kira sana'ar nan mai tsabta ba matuƙar da itace ake dafa ta a fili. Adar ƙasa ce da ta sha wuya kafin ta dawo da itatuwanta. Daga 1984 aikin farfaɗo da ƙasa na Keita ya sa mutane, yawancinsu mata, ɗaukar duwatsu da haƙa ramuka a kan fako don shuka ta kama. A sare wannan itace a narka leda da shi, asara ce aka musanya da asara. Ga kuma yaron da ke tsaye kan gangar daga safe zuwa azahar da tsumma a hanci, tsumman da ba ya tare komai. Ranarmu ma tana cin roba sannu a hankali, abin da ya goge daga bulon ya koma ƙasa, shi ya sa bai dace a shimfiɗa shi a bakin rijiya ba.

Inda sana'ar ta yi nisa, wuta ce suka fara gyarawa. A Nairobi, injiniya Nzambi Matee, wadda hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama a 2020, da inji rufaffe take narka roba da yashi, zafin a ƙayyade. A Abidjan, garin da Adarawa suka daɗe suna zuwa bida, wato ci-rani, UNICEF ta haɗa hannu da kamfanin Conceptos Plásticos na Kolombiya don buga bulon roba na gina azuzuwa, kuma a hannun mata masu tsinta ake sayen robar.

Ƙaramin mai sana'a a Tawa ba zai sayi irin wannan inji da kuɗin aljihunsa ba. Amma ganga mai murfi da dogon bututun hayaƙi aikin maƙerin gari ne, ma'aunin zafi da safar hannu da takunkumin kirki ma ba su fi ƙarfinsa ba in yana da mai saye tsayayye. Wannan mai saye ofishin magajin gari ne: ya ba da kwangilar shimfiɗa harabar kasuwa da ta makaranta, ya rubuta a cikin takardar cewa ba za a dafa da itace ba, ya yanke farashin kilon leda ga masu tsinta, kuma duk bulon da ya fashe a mayar wa wanda ya buga shi ya sake narkawa.