Ziyarata Zuwa Ƙauyen Nok

Ni haifaffen Kafanchan ne, amma sai da na shiga jami'a na san cewa Nok ɗin nan ta littattafan tarihi maƙwabciyarmu ce. Ƙauye ne na al'ummar Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba. Da aka yi hutu na shiga mota zuwa Kwoi, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni.

A nan masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a 1928. A 1943 kuma aka sami kan wani a yankin Jama'a. Har an kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye, kafin ya isa hannun Bernard Fagg, wanda ya gane cewa su biyun aikin al'umma ɗaya ne. Binciken masana daga Frankfurt ta Jamus, wanda aka fara a 2005, ya nuna al'adar ta faro wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu tonon sata a yankin. Gawayi da fasassun tukwanen da ke kewaye da mutum-mutumi su ke ba masana labarinsa, ɓarawo kuwa watsar da su yake yi.