Abin da zafin Daura ke yi wa batirin waya

A cikin batirin waya akwai wani ruwa da ƙwayoyin lithium ke bi, suna ratsa ƙofofin da suka fi silin gashi siranta sau ɗaruruwa. Da sanyi ruwan kan ƙara kauri, ƙwayoyin su rage gudu, caji ya yi jinkiri. Da zafi kuwa yakan tsinke, su ƙara sauri, amma batirin na saurin tsufa.

A Daura zafin Afrilu kan haura digiri 40, alhali kamfanin Apple ya ba da shawarar amfani da iPhone tsakanin digiri 0 da 35. Saboda haka masu shagon caji su riƙa ajiye wayoyi a inuwa, a kuma daina caji ƙarƙashin filo.