Fim ɗin mayya da babu mayya a cikinsa

Ka kalli The Blair Witch Project na 1999 daga farko har ƙarshe, ba za ka ga fuskar mayyar ko sau ɗaya ba. Amma dai ya hana mutane barci.

Daraktocinsa, Daniel Myrick da Eduardo Sánchez, sun kai 'yan wasa uku dajin Seneca Creek da ke jihar Maryland a Amurka, suka damƙa musu kyamara biyu, suka ce su ɗauki kansu. Kwana takwas aka yi. Cikin dare ma'aikata su lallaɓo su girgiza musu tanti, abinci kuma kullum raguwa yake. Wannan rawar da hoton ke yi, hannun mai yunwa da gajiya ne.

Dajin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne, bishiyoyi ne da busasshen ganye. Fitilar kyamara ba ta haska fiye da 'yan taku, sauran duhun kuwa zuciyarka ce ke cika shi. Masu shafa wa aljani hoda a TikTok, kuna ji dai ko?

Ɗaukarsa ba ta ci dala dubu 100 ba, amma ya tara kusan miliyan 250.